Masu Dubiyar Juma'a

Ka ce ba ka ga dalilin da gwamnati za ta kashe kuɗi don mai jinya ta huta ba, tunda ba ita ce marar lafiya ba. To, ga misali.

An yi wani tsohon maƙeri da tsufa ya tafi da hankalinsa ya bar masa ƙafafu. Ya manta sunayen 'ya'yansa, amma bai manta hanyar maƙera ba, ko da yake an rushe ta tuni an yi shagon cajin waya a wurin. Da an ɗauke ido sai ya fice, a tsinto shi bakin kwalta yana cigiyar zugazugi. 'Yarsa da mijinta ya rasu ita ke jinyarsa. Ita ce girki, ita ce wanki, ita ce gadin ƙofa, kuma kowace safiya sai ta gaya masa ko ita wace ce. Yayyenta biyu suna birni. Sukan zo ran Juma'a da ledar lemo, su ce Allah ya ba ta lada, su kama hanya kafin la'asar.

Sai gwamnati, cikin irin kuskuren da takan yi jefi-jefi, ta yi abin kirki. Ta ware kuɗi a riƙa turo mata da aka horar, su yini da irin waɗannan tsofaffi, masu jinya su sami sararin barci da ganin likita don kansu. Ranar da aka turo ɗaya gidan, babban wan ya sallame ta tun daga zaure. Ya ce da ransu ba za a ce bare ke jinyar ubansu ba, gari zai zage su. Ba a tambayi ƙanwar ba, tana tsakar gida tana wanke zanen gado. Kafin damina ta fita hawan jini ya kayar da ita a bakin murhu, ɓarin jikinta ya shanye. Tsoho ya koma hannun masu tsoron zagin gari. Mako bai zagayo ba babban wan ya tafi ofishin shirin da ƙafarsa, idanu jajur. Ma'aikaciyar ofishin ta saurare shi tsaf, ta ce an ba wani gida gurbin, sai dai ya jira. Sannan ta ce, "Alhaji, majinyaci ɗaya ne, ko yanzu sun zama biyu?"

Hausawa dai sun riga sun faɗa: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.