Tsokar Ubale

Ubale ya lura tsohon Babuharen nan mai sayar da shinkafa, ɗan gudun hijira daga yankin da Rasha ke mulki, ya daina juya tukunya tun da aka ambaci juyin juya halin Rasha. Sai Ubale ya ƙara ɗaga murya. Yau 'yan dakon kasuwar Bab Makka ta Jidda za su zaɓi shugaba, shi kuwa ya ƙwallafa rai.

"Can talakawa suka ƙwace komai, aka raba daidai," in ji shi. "Ku zaɓe ni ku gani."

Tsohon ya matso, ya ɗauke ƙatuwar tsokar ragon da ke farantin Ubale, ya yayyanka, ya rarraba wa 'yan dako bakwai.

"Haba Baba, tawa ce fa!"

Dariya ta ɓarke.

"Halas, shi ke nan, ka faɗi zaɓe," tsohon ya ce da Larabcinsa mai gargada. "Shekara biyu ina shugaban masu rabon a garinmu. Na fi ka iya jawabi."

"To me ya kawo ka Jidda?" wani ya tambaya.

"Rabo ne ya zo kan dokina."

Ubale ya dubi gayan shinkafarsa, ya zura takalmi, ya sulale.