Matar da Ke Buɗe Taga

Kwalin da dattijon ya dire a kan teburinta warin danshi yake yi. Cike yake da kaset ɗin bidiyo irin na da, masu faɗin littafi.

'Yar Kaset, kamar yadda maƙwabtan shago ke tsokanarta, aikinta ke nan: ta juye tsofaffin bidiyon mutane cikin kwamfuta kafin su ruɓe. Sai dai wannan dattijon ba shirye-shiryen da ke cikin kaset ɗin yake so ba. Wutsiyar kowane shiri kawai yake so, inda tambarin kamfani ke fitowa.

Ya ce kamfaninsa ne na shirye-shiryen talabijin, bai yi tsawon rai ba ya durƙushe. A lokacin ba su da na'urar zana tambari, don haka shi da kansa yake ɗauka da kyamara a gida, sabo ga kowane shiri, a kan guntun zaren kaset da ya rage. Ɗaki mai duhu, mace ta ba da baya, ta tura taga, haske ya kwararo, sunan kamfanin ya hau kan hasken. Matarsa ce. Wata rana ta fita ba ta dawo ba, kuma ko hotonta ɗaya ba shi da shi. Amma a ɗaya daga cikin tambarin, in ji shi, ta waiwayo. Fuskar yake so a fito masa da ita, ko Allah zai sa a dace.

Abin ya taɓa zuciyar 'Yar Kaset. Mutum ya yi furfura yana neman mace ɗaya. A gida ta soma ba Umma labarin wani bawan Allah mai neman matarsa, Umma ta katse ta, ta ce ita hoto da masu hoto ba sa gabanta, a ci abinci tun bai huce ba.

Ta jera kaset ɗin yadda aka haska su. A tambarin farko tagar ta buɗe wangwam, kafaɗun matar na rawa kamar tana danne dariya. Bayan 'yan shirye-shirye sai ga ƙarafa a jikin tagar. Can gaba matar ta koma sa riga mai dogon hannu, tana turawa da hagu, dama na manne da ƙirjinta. Kiɗan da ke rakiyar tambarin ma ya canza, ko don zaren ya saki ne, ya koma kamar nishi.

Dattijon kan zo da safe ya zauna, ga fara'a, ga daɗin hira. Ya tambaye ta wa ya koya mata aiki, da wa take zaune, ko ana zuwa zance. Ta yi dariya ta ce ita da Umma ne kawai, kuma Umma ba ta barin ko ƙuda ya sauka a kanta, kullum in ta rufe shagon ɗinkinta sai ta biyo su tafi tare. Ya gyaɗa kai ya ce haka uwa ta gari take.

Ranar da ta ga sarƙa a tagar, ta kasa haƙuri.

"Baba, hannunta fa? Me ya same shi?"

"Ƙofa ce ta datse ta, 'yata." Bai daina murmushi ba. "Ba ta jin magana."

Tun daga nan kwalin ya soma yi mata nauyi. Ta lura bai taɓa cewa yana kewar matar ba, cewa yake tasa ce. Ta ƙudurta a ranta ko ta ci karo da fuskar, za ta ce masa danshi ya cinye wurin. Duk inda baiwar Allahn nan take, a bar ta a can.

Washegari bai zo da safe ba. Sai da rana ta yi sanyi, maƙwabta sun fara janyo ƙofofinsu, ya shigo. Ya zaro wani kaset daga aljihu, wanda bai taɓa shiga kwalin ba, ya cusa a na'urar da hannunsa, ya kai shi daidai wurin ba tare da lalube ba. Sannan ya tura ƙofar shagon ta kusa rufewa, wai haske na ɓata hoto.

Ɗakin nan mai duhu ya fito. Matar ta rame, sai tsohon ciki da ya rinjaye ta. Ta tura tagar, sarƙa ta riƙe. Ta waiwayo.

"Tsayar," in ji shi. "Ƙara haske."

'Yar Kaset ta ƙara. Goshi ya fito daga cikin duhun, sai gira, sai idanu. Ta juyo za ta yi ƙaryar da ta tanada, ta tarar ba ma allon yake kallo ba. Ya ja kujerarsa bayan ƙofa, ya miƙe tsaye, ya kasa kunne ga takun da ke matsowa a waje.

Ƙofar ta motsa, fuskar da ke kan allon ta leƙo, da zare a kafaɗa da jaka a hannun hagu, tana cewa da muryar Umma, "Ke, yau a nan za mu kwana ne?"