Wanzamin da Ya Yi wa Dutsen Sama Wutsiya

Tunda gobe za a kira ka shaida, ɗan'uwa, gyara zama in ba ka wani misali kafin shayin nan ya huce.

A wani gari an yi wani wanzami mai kaifin ido. Shekara da shekaru shi ke fara hango jinjirin watan azumi da na salla, har ta kai in bai ce ya gani ba, mata ba sa jiƙa geron kunu. Askarsa ma albarkacin idon take ci, don mutane kan zo aski ne su ji labarin wata. Ana nan sai wani malamin kimiyya ya sauka garin da akwatuna, ya tara jama'a a gindin durumi. Ya ce ranar Laraba bayan isha wani ƙaton dutse da ke yawo can sararin sama, wanda ido ba ya iya ganinsa, zai gitta ta gaban wata tauraruwa ya rufe ta na ɗan lokaci, kamar yadda tunkiya ke gittawa ta gaban fitilar mai shayi. Inuwar dutsen kuwa ta kan ƙasarsu za ta bi. Mutum goma sha biyu yake nema, ya jera su a kan hanya nesa da juna, tun daga bakin kogi har iyakar dajin arewa, kowa da madubin hangen nesa da waya mai ɗaukar murya. Tauraruwa na ɓacewa ka ce "ta tafi", tana fitowa ka ce "ta dawo". Wanda cikin dutsen ya bi ta kansa zai daɗe bai gan ta ba, na gefe ƙiftawa kawai zai gani, in an haɗa sai a san girman dutsen da siffarsa. Kai, gari ya ɗauka. Masu dara suka bar dara, matan rijiya ba su da zance sai na dutse, wani tsoho ma cewa ya yi ko a kan jaki ne sai an kai shi. Wanzami kuwa mako guda yana aski yana cika baki, wai shi da ke ganin wata a bayan gajimare, ai sai dai ya faɗa wa malamin launin dutsen. Da aka zo rabon wuri ya ce gwani ba ya shiga tsakiyar garke, ya zaɓi can ƙarshen layi ta arewa. Kafin a kai gare shi akwai wata mai ginin tukwane, sai wani mai haƙar rijiya da idonsa ɗaya ya soma yin yana.

Laraba ta zo, aka idar da isha, kowa ya kafa ido a inda aka ajiye shi. Wanzami ya zuba wa tauraruwa ido har hawaye na bin kumatunsa, ita kuwa ko gezau, tana nan tana walƙiya kamar da gayya. Lokacin da malam ya faɗa ya yi, tana nan. Sai ya hango gobe a bakin kasuwa, mai yanar ido ya gani, shi sarkin ganin wata ya tashi a tutar babu. Ya yi gyaran murya ya ce wa waya "ta tafi", ya ƙirga tara a ransa, ya ce "ta dawo", har da ƙarin kabbara don abin ya zauna. Da safe aka cika ajin firamare maƙil, wasu ta taga suke leƙe. Malam na kunna muryar kowa yana jan layi a allo gwargwadon daɗewar duhunsa. Na tsakiya sakan takwas, na kusa da su shida, sai uku, sai ɗaya, kafin ka ce me siffa ta fito kamar ƙaton dankali, aji ya kaure da salati. Da aka zo kan mai tukwane ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce ita dai Allah bai nuna mata komai ba. Mai rijiya ya sunkuyar da kai ya ce shi ma haka. Malam ya yi tsalle kamar an yi masa bushara da ɗa namiji, ya ja layi ya rufe zanen, ya ce rashin ganin nan nasu shi ne ya nuna inda dutsen ya ƙare, da babu su da ba a san iyakarsa ba. Sannan aka kunna ta wanzami. Sakan tara, ya fi cikin dutsen kansa tsawo, kuma a bayan mutum biyu da ba su ga komai ba. Malam ya ja layin inda lissafi ya ajiye shi, can sama shi kaɗai, ba ya manne da komai. Sai tsohon nan mai zancen jaki ya karkata kai ya ce, "Ashe dutsen ƙadangare ne, ga wutsiyarsa ta tsinke."

Da azumi ya zagayo, wallahi wanzami ne ya fara ganin wata, gani na gaskiya. Ya sheƙo masallaci yana haki, sai wani daga sahun baya ya tambaye shi da wutsiya ya gan shi ko babu. Liman ya danne dariya, ya ce a jira tukuna, a kira mai rijiya ya duba.

Don haka gobe, abin da ba ka gani ba ka ce ba ka gani ba, shi ma shaida ne. Hausawa sun riga sun faɗa: ramin ƙarya ƙurarre ne.