Idanun Damisar Dala

Tun da aka hana rufe fuska, ko da a zane ne, kowa yake kai tsofaffin littattafansa ofis a kware musu lulluɓi. Fuskar da na'ura ta fitar, mai ita ne zai amsa laifin jarumin.

Inna Tabawa ta ajiye na marigayi mijinta, Malam, a kan tebur. Shi ya zana Damisar Dala, jarumar da ke tsallake katanga ta kwance ɗaurarru, idanunta kawai ake gani.

Ma'aikacin ya buɗe na farko, ya daɗe yana kallo. "Inna, da wannan na koyi karatu. Dubi yadda mayafinta ke tashi, kamar a ji iskar. Zanen yanzu ba rai."

"Yi aikinka, ɗan nan."

Ta san idanunta Malam ya kwaikwaya, tun tana amarya. Kafin ta fito ta yi wanka, ta saka magungunanta a jaka, ko za a tsare ta. Tsohuwa ce, me ya rage?

"Littafin ƙarshe ake sakawa a na'ura," in ji shi. "Haka doka ta ce."

Ta dubi littafin. Lokacin da Malam ya zana wannan, ita tana kwance asibiti.

Na'ura ta fara da goshi, ta gangaro kumatu. Ga ɗan tabon da murhu ya bar wa 'yarta Larai tun tana rarrafe.

Ma'aikacin ya ɗago a hankali.

"Inna, waccan da ta rako ki, mai goyo a gindin darbejiya, wace ce?"