Shurin Ƙarƙashin Benci

An sare bishiyar ƙofar gida, shagon gyaran rediyo ya koma na cajin waya, Inna ta fara dogara sanda, firamaren da ya yi kuma ta sami katanga da ƙofar ƙarfe. Shekara tara ke nan da barinsa gida. Abin da bai canja ba shi ne sunan da ake kiransa, Sha-Yawo, da ƙaiƙayin da tafin ƙafarsa ke yi in ya daɗe a wuri ɗaya.

Ya dawo da jaka biyu da ɗa ɗaya. Yaron shekararsa bakwai, uwarsa ta rasu a can, ban da yarenta ba ya jin komai. Niyyar Sha-Yawo ya sa shi makaranta, ya bar wa Inna, ya kama hanya kafin wata ya ƙare. Inna ta ce ta ji, amma in yaron bai saba ba, ba inda za shi.

Malamar aji ta haɗa yaron benci ɗaya da wani da ake ce wa Barkono. Wannan ya taɓa fasa gilashin taga, ya ciji monita, har hedimasta ya rantse ƙara ɗaya ta rage a mai da shi ɗakin ƙarshen baranda, inda ake tara irinsu su yini ba allo ba alli.

Bayan mako biyu malama ta ce abin na ba ta mamaki. Yaron ba ya furta ko kalma, amma ba a barinsa a baya. In an tashi yana tsaye, in an buɗe littafi nasa a buɗe.

"Kaina ya ɗauko," in ji Sha-Yawo.

"Allah ya sa ba da ƙafar ba," in ji Inna.

Ita ce ta fara ganin shatin takalmi a wandon makarantar, kullum ƙafar hagu. Sha-Yawo ya tsare ɗansa da yaren uwarsa. Wa ya yi maka? Barkono. Kullum? Kullum. Bai tsaya jin saura ba.

Washegari ya laɓe a bayan tagar ajin. Malama na cikin magana ƙafar Barkono ta kai wa ɗansa shuri. Aji ya miƙe gaida wani malami, aka zauna. Ko minti biyu ba a yi ba sai ga wani, har biyu a jere, yaron ya sunkuyar da kai yana laluben jakarsa. Idon Sha-Yawo ya rufe.

A ofis malama ta yi ta roƙo. "Baban yaro, ka ba ni mako ɗaya. Tunda na haɗa su, Barkono bai tsere daga aji ba ko sau ɗaya."

"Ina zai tsere? Ya sami ƙwallo."

Ya sa hannu a takardar ƙarar Barkono. Da zai fita ya hango ana tisa ƙeyar Barkono zuwa ƙarshen baranda, yana turjewa, yana waiwayen bencinsu.

Kwana uku wandon na dawowa fes. Sha-Yawo ya sayi tikiti.

Ranar tafiya da safe yana danne jaka da gwiwa yana jan zif, sai ya ga yaron a bakin ƙofa ba kayan makaranta. Inna ta ce jiya an sa shi durƙuso a gaban aji, wai kowa ya tashi shi ya ƙi, an kira shi sau uku ya yi banza da malami.

"Me kuma ya faru? Ba na raba ka da Barkono ba?"

Yaron ya matso, ya taɓa ƙaurin ubansa da ɗan yatsan ƙafa. "Ɗaya, tashi. Biyu, fito da littafi. Uku, da kai ake. Baba, yanzu wa zai riƙa gaya mini?"