Kalma Ta Sittin Da Uku

Kafinta ya share garin katako daga kan benci, ya buɗe littafinsa, ya gyara zaman tabarau. Ƙarfe bakwai na safe, lokacin darasi ya yi.

Yarjejeniya ce tsakaninsa da ɗansa tun da yaron ya gama jami'a: kullum kalmar Turanci ɗaya, kuma ba a wucewa gaba sai uban ya furta ta daidai. Kalma sittin da biyu ya haye lafiya. Ta sittin da uku ce ta tsaya masa a wuya.

"Baba, kalmar yau ita ce posterity," in ji ɗan, muryarsa a shaƙe da mura. "Ma'anarta 'yan baya. 'Ya'ya, jikoki, tattaɓa kunne, duk wanda zai zo bayan ka tafi."

Kafinta ya gyaɗa kai, yana bin rubutun da yatsa, ko da yake ya daɗe da haddace shi.

"Asalinta daga harshen Latin ne, daga kalmar da ke nufin mai biyowa baya. Misali, kujerar nan da ka ƙi sayarwa, ka ce ta jikokinka ce. To, don posterity ka ajiye ta. Sai dai ka ƙara haƙuri, tsoho, ko budurwa ban yi ba tukuna."

Murmushin uban ya riga dariyar yaron zuwa. Tari ya katse dariyar.

Matar kafinta ta kawo shayi kofi ɗaya, ta ajiye a bakin ƙofar shago. Ba ta shiga in ana darasi.

"To, maimaita in ji," in ji ɗan. "Ban da ha'inci."

Kafinta ya gyara murya. Ya iya kalmar sarai. Jiya ma sau uku ya faɗa wa kujerar ita ba tuntuɓe, yana goge mata ƙura. Amma ya buɗe baki ya karya ta gida biyu, kamar jiya, kamar shekaranjiya.

"Maigida," matar ta ce daga waje, a hankali, "ka iya fa. Na sha jin ka."

"In na iya, sai a wuce gaba." Ya rufe littafin. "Wa zai ba ni ta gaba?"

Ta juya ta koma cikin gida.

Ya goge fuskar wayarsa da gefen rigarsa, ya sake danna saƙon murya na ƙarshe da ɗansa tilo ya turo masa wata bakwai da suka wuce, ana saura kwana biyu a kai shi makwancinsa.