Ranar da Iya ta shanya min ƙanƙara

Ni da makarantar boko mun rabu tun a aji huɗu, ba faɗa, amma na riga jikokina sanin kindirmo mai ƙanƙara. Su daina yi min burga.

Kawuna Malam Sale, malamin firamare a Rano, yana da firiji mai kananzir. Wata rana bayan azahar ya dama kindirmo da sukari, ya zuba a ƙananan kofunan silba, ya rufe a ciki. Har la'asar ina gadin ƙofar. Da ya miƙo min nawa, ya daskare, yana hayaƙi, kofin na manne min a yatsu.

Ban kai baki ba kakata Iya, wadda ta zo daga Fassi, ta karɓe. Ta leƙa ƙarƙashin firijin, ta ga fitila tana ci.

"Sale, abin da aka hura wa wuta ya fito da sanyi, shi za ka ba maigidana? Bari ya warke tukuna."

Ta ajiye shi a rana, kusa da kuɓewar da take shanya. Ina kallo, ina hawaye, har ya narke. Sai ta ce bari ta ɗanɗana don lafiyata. Ta shanye tas, ta goge baki.

"Ashe kindirmo ne. Wahalar da shi kawai aka yi."

Allah ya ji ƙan Iya. Zan ba da firiji goma in sake jin muryar nan, amma kofin ban yafe ba.